Asalin Sunan Portunus: Daga Ƙofofin Rumawa Zuwa Ƙaguwar Teku

1.0 Gabatarwa

Masu iya magana sun ce suna linzami ne. Duk wanda ya taɓa buɗe littafin ilmin halittu ya san cewa kowace dabba da kowane tsiro da masana suka yi wa rajista yana ɗauke da suna mai kalma biyu, na harshen Latin ko wanda aka sanya wa rigar Latin. Ɗalibanmu sukan haddace waɗannan sunaye kamar yadda ake haddace lambar mota, ba tare da tunanin cewa akwai wani tarihi a bayansu ba. Malamai da masu fassara kuwa, da zarar sun zo mayar da irin waɗannan littattafai cikin Hausa, sai tambaya ta taso: shin a fassara sunayen ne, ko a hausantar da su, ko kuwa a bar su yadda aka same su?

Manufar wannan maƙala ita ce a bi sawun ɗaya daga cikin waɗannan sunaye, watau Portunus, wanda masana suka raɗa wa wani jinsin ƙaguwar teku mai iyo, kuma daga gare shi aka samo Portunidae, sunan dangin baki ɗaya. Za a duba saiwar kalmar a Latin, da matsayinta a rayuwar Rumawa, da yadda ta faɗo hannun masana halittu a shekarar 1795, da kuma takaddamar da ta biyo baya har zuwa 1956. Daga ƙarshe za a ga abin da wannan tarihi ke koya wa masu aikin ƙirƙirar kalmomin fannu a Hausa. A cikin bayanin za a yi amfani da kalmar "nau'i" ga rukuni mafi ƙanƙanta, "jinsi" ga tarin nau'o'i makusanta, sa'an nan "dangi" ga tarin jinsuna.

2.0 Dabbar da Ke Ɗauke da Sunan

Ƙaguwar da Bahaushe ya sani ita ce ta rafi da fadama, wadda ke haƙa rami a gaɓa tana tafiya a karkace. Tana da ƙafafu goma, biyun gaba masu kama da awartaki don damƙa, takwas kuma na tafiya. Ƙaguwar dangin Portunidae ma ƙafafunta goma ne, sai dai biyun ƙarshe sun baje sun yi faɗi kamar filafilin tuƙa kwalekwale. Da su take kaɗa ruwa ta tashi daga ƙasan teku ta yi iyo da sauri, har ta kan iya cim ma ƙananan kifaye. A jinsin Portunus kansa, ɓawon baya yana da faɗi fiye da tsawo, kuma akwai ƙayoyi tara a kowane gefe, na ƙarshen ya fi sauran tsawo ƙwarai.

Wannan dangi yana da muhimmanci a cinikin abincin teku. Nau'in Portunus trituberculatus, wanda ake kamawa a gaɓar ƙasar Sin da Koriya da Jafan, yana cikin nau'o'in ƙaguwa da aka fi kamawa a duniya, ana samun tan dubu ɗaruruwa nasa a shekara. A gaɓar Afirka ta Yamma kuma akwai Callinectes amnicola, wadda masunta ke kamawa a tafkin Legas da ƙoramun yankin Neja Delta. Saboda haka sunan da muke magana a kansa yana yawo a takardun kwastan da dokokin kamun kifi da rahotannin masu bincike a ƙasashe masu yawa.

3.0 Saiwar Kalmar a Latin

Akwai kalmomi biyu a Latin waɗanda suka fito daga tsatso ɗaya: porta, ma'ana ƙofa, musamman ƙofar gari, da portus, ma'ana tashar jiragen ruwa. Masana tarihin harsunan dangin Indo-Turai sun mayar da su duka ga wata tsohuwar saiwa mai ma'anar ƙetarewa ko ratsawa. Daga wannan saiwa ce Ingilishi ya sami ford, Jamusanci ya sami Furt, dukkansu da ma'anar mashigin kogi, mutanen Norwe kuma suka sami fjord, watau miƙin teku da ya kutsa tsakanin duwatsu. Idan aka haɗa waɗannan gaba ɗaya, za a ga cewa ma'anar farko ta portus ita ce wurin shiga ko wurin ƙetarewa. Hausa ma ta bi irin wannan hanya, domin daga aikatau "shiga" ta gina "mashigi" da "mashiga", ɗaya na ruwa ɗaya na tudu.

Akwai shaidar da ke nuna cewa a tsohon Latin portus ba ta keɓanta ga ruwa ba. Festus, wani mai ƙamus na ƙarni na 2 Miladiyya, ya bayyana cewa a cikin Dokokin Alluna Goma Sha Biyu, waɗanda aka rubuta a wajejen shekarun 451 zuwa 450 kafin Miladiyya, an yi amfani da kalmar da nufin gidan mutum. Ke nan a wancan zamani mashigar gida ma portus ce. Sai daga baya, da Rumawa suka shiga harkar jiragen ruwa sosai, ma'anar ta tattara ta koma bakin ruwa, aka bar wa porta ƙofar tudu.

Ɗafa-ƙeyar da ke ƙarshen sunan ita ce -nus. A Latin akan liƙa ta ga suna don nuna wanda ke shugabantar abin ko yake riƙe da shi. Daga domus, gida, aka sami dominus, maigida. Daga tribus, ƙabila, aka sami tribunus, wakilin ƙabila. Daga silva, daji, aka sami Silvanus, abin bautar da suka jingina wa dazuzzuka. A kan wannan awo ne portus ta haifi Portunus. Aikin da wannan ɗafa-ƙeya ke yi ya yi kama da na "mai" ko "sarkin" a Hausa, kamar a Sarkin Ƙofa da Sarkin Ruwa da Sarkin Jirgi. Da za a nemi kwatankwacin sunan a tsarin sarautun ƙasar Hausa, da Sarkin Ƙofa ne ya fi kusa da ma'anarsa ta farko.

Wasu sifofi biyu na Latin sun fito daga wannan gida: opportunus, abin da ya zo a kan kari, da importunus, abin da ya zo a mugun lokaci. Bayanin da aka saba bayarwa shi ne, ta farkon tana nufin abin da ke kai mutum ga tasha, kamar iskar da ke tura jirgi gaɓa, ta biyun kuma tana nufin inda babu matsaya. Duka biyun sun shiga Faransanci da Ingilishi, suna nan ana amfani da su.

4.0 Portunus a Wurin Rumawa

Portunus yana cikin tsofaffin abubuwan bautar birnin Rum. Abu biyu ne ke tabbatar da daɗewarsa. Na farko, yana da biki nasa na kansa a tsohuwar kalandarsu, mai suna Portunalia, wanda ake yi ranar 17 ga Agusta. Na biyu, yana da nasa mai hidima na musamman, wanda suke kira flamen Portunalis, kuma irin wannan muƙami kaɗan ne daga cikin abubuwan bautarsu suka samu. A taƙaitawar da aka yi wa ƙamus ɗin Festus an ce ana siffanta shi riƙe da mabuɗi a hannu, ana kuma ɗaukarsa mai tsaron ƙofofi. A nan ya yi tarayya da Janus, wani abin bautar ƙofofi da mafarin al'amura, wanda daga sunansa ne watan Janairu ya samo asali.

Varro, masanin harshe da ya rayu daga 116 zuwa 27 kafin Miladiyya, ya danganta bikin da ɗakin bautar da aka gina wa Portunus a tashar jiragen kogin Tiber. Wannan tasha tana kusa da Forum Boarium, kasuwar shanun birnin, irin wadda mukan kira kara. Nan ne ake sauke kayan da aka hauro da su daga bakin teku. Ginin da ke tsaye a wurin a yau an yi shi ne tsakanin shekarun 120 da 80 kafin Miladiyya. Abin da ya tsirar da shi daga rushewa shi ne mayar da shi coci da aka yi a shekarar 872. Ya daɗe ana kiransa da sunan Fortuna Virilis bisa kuskure, kafin masana su daidaita a kan cewa na Portunus ne.

Yayin da adabin Girkawa ya mamaye na Rumawa, sai marubuta suka shiga haɗa abubuwan bautarsu da na Girka, kowane a nemo masa takwara. A tatsuniyar Girkawa akwai wata mace mai suna Ino wadda ta faɗa teku da ɗanta Melicertes a hannu, aka mayar da su abubuwan bautar teku, ita ta zama Leucothea, shi kuma ya zama Palaemon, mai taimakon matuƙa jirgi. Ovid, a littafi na shida na waƙarsa mai suna Fasti, ya daidaita uwar da Mater Matuta ta Rumawa, ɗan kuma da Portunus. Virgil ma, a littafi na biyar na Aeneid, ya nuna Portunus yana tura jirgin wani mai suna Cloanthus har ya ci tseren jirage. Ta wannan hanya ce mai tsaron ƙofa ya rikiɗe ya zama na teku a idon masu karatu. Wannan siffa ta biyu ita ce 'yan makarantar Turai na ƙarni na 18 suka fi sani, domin Virgil da Ovid su ne abin haddarsu tun suna yara.

Ya kamata a ambaci Cicero ma. A littafinsa kan ɗabi'ar abubuwan bauta, wanda ya rubuta a shekarar 45 kafin Miladiyya, ya jera sunan Portunus da na Neptunus, babban abin bautar teku, ya ce na biyun ya fito ne daga aikatau mai ma'anar iyo. Masana harshe na zamani ba su karɓi wannan bayani ba. Amma a riƙe shi, domin sunayen nan biyu za su sake haɗuwa a kan ƙaguwa mai iyo bayan ƙarni goma sha takwas.

5.0 Daga Linnaeus Zuwa Weber

Tsarin raɗa wa dabbobi suna mai kalma biyu ya kafu ne da bugu na goma na littafin Systema Naturae na Carl Linnaeus, mutumin Suwidin, wanda ya fito a 1758. Har yau ranar 1 ga Janairun wannan shekara ita ce mafarin lissafin sunayen dabbobi. Linnaeus ya sanya ƙaguwa cikin ajin ƙwari marasa fikafikai, ya tara ta tare da jatan lande da 'yan uwansu a jinsi guda, ya kira shi Cancer, wadda ita ce kalmar Latin ta yau da kullum ga ƙaguwa. Cikinsu akwai wata ƙaguwar tekunan gabas da ya kira Cancer pelagicus, watau ta tsakiyar teku.

Ba a daɗe ba wannan jinsi ya cika ya batse, saboda jiragen Turawa suna ta kawo sababbin halittu daga Indiya da Afirka da Amurka. Wanda ya ɗauki nauyin rarraba shi shi ne Johan Christian Fabricius, ɗan ƙasar Denmak, wanda ya yi karatu a hannun Linnaeus a Uppsala, ya kuma zama farfesa a Kiel daga 1775 har rasuwarsa a 1808. Malaminsa ya rarraba ƙwari bisa fikafikai, shi kuwa ya rarraba su bisa ƙirar baki. Sababbin jinsunan ƙaguwa da ya yi wa cikakken bayani sun fito a wani littafin ƙari da ya buga a 1798, kuma Portunus na cikinsu.

Sai dai wani ya riga shi kai sunan maɗaba'a. Shekara uku kafin nan, a 1795, wani almajirinsa mai suna Friedrich Weber, haifaffen Kiel a 1781, ya buga ɗan ƙaramin littafi mai suna Nomenclator entomologicus, alhali bai wuce shekara 14 ba. Littafin jerin sunaye ne kawai bisa tsarin malaminsa, amma ya ƙunshi sunayen sababbin jinsunan da ke yawo a rubuce-rubucen hannu a zauren Fabricius, kuma a ƙarƙashin kowane jinsi ya jera nau'o'in da aka riga aka sani. Wannan jerawa ta wadatar a dokar masana. Shi ya sa har yau ake rubuta Portunus Weber, 1795.

Tun da littafin jerin sunaye ne, babu bayanin dalilin zaɓen kowane suna a cikinsa. Amma maƙwabtan sunan suna ba da haske. A wannan littafi ne aka fara buga Palaemon a matsayin sunan wani jinsin jatan lande, da Matuta a matsayin sunan wata ƙaguwa mai faffaɗan ƙafafu da ke nutsewa cikin yashi, da Palinurus, sunan matuƙin jirgin jarumin Aeneid, ga wata babbar halittar teku mai ƙaya. Ke nan uwa da ɗanta, shi ɗan ma da sunayensa biyu, na Latin da na Girkanci, duk sun shiga rajistar dabbobi a lokaci guda. Wannan ya nuna cewa masu raɗa sunan sun buɗe taskar tatsuniyoyin teku ne suna ɗiba, kamar yadda Linnaeus ya raɗa wa malam-buɗe-littafi sunayen jaruman yaƙin Troy. Don haka cewar da akan yi wai an zaɓi Portunus ne saboda ana samun wannan ƙaguwa a tashoshin jiragen ruwa, hasashe ne na 'yan baya.

6.0 Takaddamar Portunus da Neptunus

Weber da Fabricius sun zuba nau'o'i masu yawa a cikin Portunus, daga ƙananan ƙaguwar tekunan Turai har zuwa manyan na tekun Indiya. Da ilmi ya ƙaru, sai aka ga dole a sake raba su, tambaya kuma ta zama: wane ɓangare ne zai gaji sunan? A 1833 Wilhem de Haan, masani a gidan adana halittu na Leiden a ƙasar Holan, ya fara fitar da juzu'in da ya shafi ƙaguwa da danginta a cikin Fauna Japonica. A nan ya ƙirƙiro sunan Neptunus ga rukunin pelagicus, ya kuma ƙirƙiro Scylla da Charybdis, sunayen dodanni biyu na tatsuniyar Girkawa da ke tare mashigin teku. Masanan Turai suka bi wannan tsari: Portunus ga ƙananan na gida, Neptunus ga manyan na ƙasashe masu zafi. A kan haka ne rubuce-rubucen kamun kifi na Indiya suka daɗe suna cewa Neptunus pelagicus.

A Amurka kuwa aka bi wata hanya dabam. Mary Jane Rathbun, wadda ta rayu daga 1860 zuwa 1943 ta kuma yi aikinta a cibiyar Smithsonian, ta tsaya a kan littafin Weber saboda shi ne ya riga fitowa. A 1926 ta ayyana Cancer pelagicus na Linnaeus a matsayin nau'in da ke riƙe da sunan jinsin. Ma'anar wannan ita ce, duk yadda aka yayyanka jinsin nan gaba, ɓangaren da pelagicus ya faɗa shi ne Portunus. Sakamakon haka sai aka wayi gari kalma ɗaya tana nufin dabba kaza a Landan da Faris, tana nufin wata dabam a Washinton.

Irin wannan ruɗani ne ya sa tun 1842 wani kwamiti a Ingila, ƙarƙashin Hugh Strickland, ya tsara ƙa'idar rigaye, watau sunan da aka fara bugawa bisa ƙa'ida shi ne halattacce. A 1895 aka kafa hukumar duniya mai kula da sunayen dabbobi a wani taro da aka yi a Leiden. Gaban wannan hukuma ce Lipke Holthuis, shi ma masani daga Leiden, ya kai maganar. A hukuncinta mai lamba 394 na shekarar 1956, hukumar ta tabbatar da Portunus na Weber tare da pelagicus a matsayin mai riƙe da sunan. Neptunus ya faɗi ya zama suna maimaici. Ƙananan ƙaguwar Turai aka mayar da su Macropipus, daga baya kuma aka rarraba su a Liocarcinus da Necora da wasunsu.

Abin lura shi ne, hukumar ba ta tambayi wane suna ya fi dacewa da dabbar ba. Da dacewa ake bi, da Neptunus ya yi nasara, tun da shi ne na faɗin teku, shi ne kuma Cicero ya alaƙanta da iyo. Shekarar bugu da nau'in da aka ayyana su ne suka yanke hukunci. Dokar ma ta fito fili ta ce ba a soke suna don ma'anarsa ba ta dace ba. Haka nan bambancin harafi ɗaya ya isa ya raba sunayen jinsi biyu. Alal misali, akwai wani jinsin ƙaguwar yashi da William Leach ya kira Portumnus a 1814, wanda wata hanya ce ta rubuta sunan wannan abin bauta, kuma sunayen biyu suna nan kowane da dabbarsa.

7.0 Sunan Dangi da Sunayen Nau'o'i

Sunan dangin ana jingina shi ga Constantine Rafinesque, a shekarar 1815. An gina shi ne daga saiwar Portun- da ɗafa-ƙeyar -idae, wadda asalinta Girkanci ne, inda take nuna zuriyar wani. Aikinta ɗaya ne da na -awa a cikin Bagaudawa ko Kutumbawa. Da Hausa ce harshen rajistar, da an ce Portunawa.

Kalma ta biyu a sunan kowane nau'i ta fi ta farko yawan siffanta dabbar. Trituberculatus na nufin mai ƙulli uku a baya. Sanguinolentus na nufin mai jini-jini, saboda ɗigo uku ja da ke kan ɓawonta. Amnicola na nufin mazauniyar kogi. Callinectes, wanda William Stimpson ya ƙirƙiro a 1860, haɗin kalmomin Girkanci biyu ne masu nufin kyakkyawar mai iyo, sa'an nan a 1896 Rathbun ta kira shuɗiyar ƙaguwar gaɓar Amurka Callinectes sapidus, kalmar ƙarshen tana nufin mai daɗin ci. Idan kuma aka ga sunan masani cikin baka, kamar a Portunus pelagicus (Linnaeus, 1758), alama ce cewa an ɗauke nau'in daga jinsin da ya fara sanya shi.

Tarihin bai tsaya a 1956 ba. A 2010 masana uku, Lai da Ng da Davie, sun nuna cewa abin da aka daɗe ana kira pelagicus nau'i huɗu ne. Ba su ƙirƙiro sababbin sunaye ba, sai suka tono tsofaffi bisa ƙa'idar rigaye. Na Bahar Maliya da yammacin tekun Indiya ya koma Portunus segnis, sunan da Peter Forsskål, wani almajirin Linnaeus, ya raɗa masa. Shi Forsskål ya rasu a Yaman a 1763 yayin wata tafiyar bincike, abokin tafiyarsa Carsten Niebuhr ne ya buga rubutunsa a 1775. Segnis na nufin mai nawa ko malalaci. Amma wannan malalaciyar ce ta bi mashigin Suwez, wanda aka buɗe a 1869, ta shiga Bahar Rum, har ta kai gaɓar Gabes a Tunisiya a wajejen 2014, inda ta addabi masunta da yayyaga komarsu, har suka laƙaba mata suna Da'ish, kafin daga baya ta zama hajar da ake fitarwa waje. Duk mai son sanin daga ina wannan baƙuwa ta fito, da yadda take hayayyafa, dole ya san cewa abin da tsofaffin littattafai suka kira Neptunus pelagicus ko Portunus pelagicus a wannan yanki, shi ne segnis na yau.

8.0 Abin da Ya Shafi Hausa

Saiwar da muka bi sawunta ba baƙuwa ba ce a bakin Bahaushe, ko da bai sani ba. Garin da aka raɗa wa suna Port Harcourt a 1913, don girmama Lewis Harcourt, sakataren mulkin mallaka na Ingila a lokacin, Hausa ta mayar da shi Fatakwal, gaɓar farko ta sunan kuwa portus ce. Haka ƙarshen kalmar fasfo, haka farkon Fotugal, wadda ta samo suna daga wata tsohuwar tasha mai suna Portus Cale. A irin waɗannan kalmomi na yau da kullum Hausa tana da cikakken 'yancin lanƙwasa baƙon sauti, ta mayar da p ta zama f, ta cusa wasali inda baƙaƙe suka cunkushe.

Sunan kimiyya kuwa hukuncinsa dabam ne, bisa dalilai uku da wannan tarihi ya bayyana. Na farko, amfaninsa shi ne ya zama ɗaya a ko'ina, kuma mun ga irin ruɗanin da aka shiga da kalma ɗaya ta ɗauki ma'ana biyu. Na biyu, harafi ɗaya yana iya sauya dabba, kamar yadda Portunus da Portumnus suka nuna, don haka hausantar da rubutun yana iya haɗe abin da doka ta raba. Na uku, fassara ma'anar sunan ba ta kai mai karatu ga dabbar. Wanda ya fassara Portunus da Sarkin Ƙofa, ko segnis da malalaci, bai gaya wa ɗalibi kome ba game da ƙaguwa. Ko ƙaguwar rafukanmu ma, jinsin da masani Richard Bott ya kira Sudanonautes a 1955, sunanta yana nufin matuƙin jirgin Sudan, alhali a rami take kwana.

Hanyar da ta fi dacewa ita ce a ajiye sunaye biyu kafaɗa da kafaɗa: na kimiyya a rubuta shi yadda yake, na Hausa kuma a nemo shi a bakin masunta da mafarauta da masu magani, in babu a ƙirƙiro mai siffantawa, kamar "ƙaguwa mai iyo" ko "ƙaguwa mai filafili". Wannan ita ce hanyar da J. M. Dalziel ya bi a littafinsa na sunayen tsirrai a Hausa na 1916, kuma abin da ya sa littafin bai tsufa ba ke nan. Game da kasancewar wasu sunayen na abubuwan bautar mutanen dā ne, ai mun riga mun saba da Janairu da Maris, waɗanda suka fito daga Janus da Mars, kuma babu mai nufin bauta idan ya ambace su.

9.0 Kammalawa

An ga cewa Portunus ya faro ne daga saiwa mai ma'anar ƙetarewa, ya zama sunan mai tsaron ƙofa da tasha a birnin Rum, mawaƙa suka haɗa shi da Palaemon na Girkawa suka kai shi teku, wani yaro ɗan shekara 14 ya buga shi cikin jerin sunaye a Kiel, sa'an nan hukumar duniya ta tabbatar da shi bayan shekara 161. A kowane mataki ma'anar farko tana ƙara dusashewa, aikin sunan na nuna dabba guda kuma yana ƙara ƙarfi. Malamin da ya san wannan zai iya koya wa ɗalibinsa sunan tare da labarinsa, ya kuma nuna masa dalilin da ya sa ba a taɓa haruffansa. Aikin da ya rage a wuyan masu nazarin Hausa shi ne tattara sunayen halittun ruwa daga bakin Sarkawa da sauran masunta na kogunan Neja da Binuwai da tafkin Chadi, a daidaita kowane da takwaransa na kimiyya, tun masu riƙe da sunayen suna raye.